Duƙushin Gunya Ba Zai Kwana Gefen Akawal Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Jauro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, da fatan makwancinka ya fi gidan da ka bari sanyi, na zo in gaya maka da bakina cewa na saɓa maka. Gara ka ji daga gare ni, tunda Hamma Bello ya riga ya gaya wa duk Kumbiya-Kumbiya cewa ƙaninsa ya je Turai kwasar kashin doki, yanzu yana gyara wa ubansa aiki ta waya.

Gunya, goɗiyarka, ta haihu bayan rasuwarka, kuma a rabon gado duƙushin ya faɗo hannuna. Yanzu an yaye shi. Hamma yana so a ɗaure shi gefen Akawal, tsohon ingarmanka, yadda kake yi wa kowane duƙushi. Na ce a'a.

Ina tuna ka tsugune kana kafa turke, kana cewa, "Ku matso da shi kusa da babba, ya ga yadda ake tsayuwa." Suna koyo kuwa, wannan ban musa ba. Amma ina tuna abin da ke biyo baya: majina, tari, jiki ya yi zafi, harawa ta bushe a gabansu. Biyu suka mutu, muka ja su zuwa bayan gari. Ka ce iska ce, ka ƙara musu kanwa a dusa.

Baba, Akawal ne ke sa musu ciwon. A gonar dawakan da nake aiki, ni nake riƙe wuyan duƙushi likita ya ɗebi jini, kuma na yi ta tambaya har suka gaji da ni. Akwai ƙwayar cutar da suke kira hapis. In ta shiga doki ba ta fita, sai ta kwanta, shi kuma ka gan shi garau. Ranar da ya wahala, kamar yadda Akawal ke dawowa daga kilisar angwaye jiƙe da gumi, sai ta farka ta bi numfashinsa.

Garkuwar jikin duƙushi kuwa aro ce, a dakashin uwarsa, wato nonon farko, ya sha ta. Tana raguwa wata bayan wata, tasa ba ta gama haɗuwa ba, ga baƙin cikin yaye. Daidai wannan gaɓar muke ɗaukarsa mu haɗa hancinsa da na tsoho.

Ban ce ka yi ganganci ba, wa ya taɓa nuna maka cikin jini? Su ma Turawan nan masu injinan gwajin jini duƙushinsu na kamuwa, allurarsu ba ta tare komai da komai, kuma da yawa suna tashi su yi ƙarfi. Amma wannan shi kaɗai ya rage min daga hannunka, ba zan yi caca da shi don a ce na yi biyayya ba.

Na gaji, Baba. Shekaru ina tashi cikin sanyin da ke fasa yatsu, ina lallashin dawakan mutanen da har yau ba su iya kiran sunana ba. Abu ɗaya na samo a nan da zai amfani gidanmu, shi ne ake ce min in haɗiye.

Jiya yayata Adda Hauwa ta sa an ja duƙushin zuwa gidanta a Hammadu Kafi, inda babu wani doki. Can zai zauna har jininsa ya iya kare kansa. Hamma ya daina ɗaukar wayata. In duƙushin ya tashi ba ladabi, yana cizo yana harbi, a ce tarbiyyata ce, na ɗauka. Da kana nan, na san za ka yi min faɗa, sannan ka zagaya can da dusa a buhu ka duba ko yana ci.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka abin da ba ka sani ba, Ya huci zuciyar Hamma, Ya raya wannan ɗan dabba har in dawo in sa masa linzami da hannuna.

Ɗanka,
Usmanu