Fentin Baturan Alhaji Tasi'u

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya Fatakwal, ya ruwan sama? Inna ƙafar ta yi sauƙi, tana gaishe ka.

Yaya, albishirinka. Ƙungiyar masu sola da janareto da ka daɗe kana cewa mu kafa, ta kafu. Mun zauna a Gyaɗi-Gyaɗi, har 'yan Hotoro sun zo. Dokar farko, ba mai sayar da batir sai ƙungiya ta duba ta buga hatiminta. Ka san wa aka ɗora wa dubawar? Ni.

Alhaji Tasi'u ma ya zo, shi da ya dinga yaɗa cewa tsofaffin batura kake shafa wa fenti ka sayar, har kasuwarka ta mutu ka bar Kano. Da aka tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Nura, ai duk 'yan uwa ne, a yafi juna." Na ce, "Haka ne, Alhaji."

Ban gaya masa na ga gwangwanayen fenti a bayan shagonsa na Tarauni ba. Ranar Asabar zan je, lokacin da layin ya cika da mutane. Makullina zan ciro in kankare batir ɗaya a gabansu.

Ka gaida kowa. Ka taya ni addu'a kada tausayi ya kama ni ranar.

Ƙaninka,
Nura