Ƙugiyar da Ta Fi Ƙarfin Mai Ita

Asabar, 8 ga Maris, 1997

Yau ƙ ta fito. Ƙ ta gaske, da lanƙwasarta, daga firintar makarantarmu. Bayanta ɗ da ɓ. Wata biyar ina fama da abin nan bayan an tashi daga aji, ni Rabe malamin lissafi a Gumel, wanda duk iliminsa na kwamfuta kwas ne na wata shida a Kano.

Takardar gayyatar bara ce ta tunzura ni, wadda aka buga "manyan baki" a maimakon "manyan baƙi", har aka zaunar da mu malamai uku muna bin kowace takarda da biro. Na sa wa furogiram ɗin suna Ƙugiya.

Na kai wa matata Rabi takardar a gida. Ta duba ta ce, "To, ai ƙ ce." Ƙwarai kuwa, ita ce.

Laraba, 26 ga Maris

Na karanta a wata tsohuwar mujalla cewa akwai mutane a ƙasashen waje da ke raba furogiram tare da asalin rubutunsa, don kowa ya ga yadda aka ƙera shi, ya gyara idan zai iya. Abin ya kwanta min. Na kwafi faifai shida, na liƙa wa kowanne takarda: "Kowa ya kwafa, kowa ya gyara, amma wanda ya gyara ya dawo mana da gyaran."

Sai dai ɓangaren da ke magana da firinta ban sa asalinsa ba. Yana aiki, amma a kulle yake, ba mai iya ganin cikinsa. Shi kaɗai ya ci min wata uku. Mai ba da tuwo ai ba ya haɗawa da tukunya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Kasuwar Maigatari. Na kai wa Ɗantsoho faifai, mai ɗan shagon buga wa fatake wasiƙu kusa da iyaka. Injinsa daga Damagaram ya zo, haruffan duk a juye irin na Faransa, inda na sa ƙ shi wani abu daban ke wurin. Ya yi dariya ya ce, "Mushe Rabe, bar min shi mako guda." Mushe suke ce wa malamin makaranta a can. Na bar masa, amma ban sa rai ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ya gyara. Layi tara ya canza. Mutum na farko da ya taɓa rubutuna, kuma bai ɓata ba. Na dawo a mota ina ta murmushi har direba ya tambaye ni ko na yi ciniki ne.

Litinin, 5 ga Mayu

Wasiƙa daga wata Madam Justina, mai buga takardu a ofishin ilimi na Sule Tankarkar, 'yar Filato ce. Ban san ma yadda faifan ya kai gare ta ba. Bayan gaisuwa ta layi biyu sai ta jero min kurakurai goma sha ɗaya, da lamba. Ta ce tana buga sanarwar cocinsu da shi, kuma babbar Ɗ tana cinye harafin da ke binta. Raina ya ɓaci. Na zauna na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Goma gaskiya ne.

Talata, 6 ga Mayu

Na sha ɗayan ma gaskiya ne.

Asabar, 7 ga Yuni

Taronmu na farko, a ajin da kwamfutar take. Mu bakwai. Mun tsayar da Asabar ɗin farko ta kowane wata. Ni na buɗe taro, ni na rufe.

Wani dattijo ya zo daga Gagarawa Tasha, Malam Saifuddeen, mai makarantar allo. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba, surukinsa ne ya nuna masa takardar da aka buga. Ya ɗaga ta kusa da ido ya ce, "Malam Rabe, aiki ya yi kyau. Amma wannan ɓ ɗin taka, wuyanta a karye yake." Na ce, "Allah gafarta Malam, da ɗige-ɗige ake yin ta, ba da alƙalami ba." Ya ce a nuna masa ɗigen. Na ba shi takardar lissafi mai gida-gida, na ce kowane gida ɗigo ɗaya ne.

Asabar, 5 ga Yuli

Malam ya dawo da shafi takwas, kowane harafi ya zana shi da tawadar allo, ɗigo-ɗigo. Shekara arba'in yana rubuta Alƙur'ani da hannu, ina zan kama ƙafarsa? Na shigar da su a gabansa. Da firinta ta fitar sai ya shafa takardar ya ce, "Yanzu ta tsaya kamar 'yar mutunci."

Na rubuta sunansa a jerin masu hannu a cikin Ƙugiya, ƙarƙashin nawa. Ya ce a cire. Madam Justina ta ce, "Baba, ba za a cire ba."

Asabar, 6 ga Satumba

Madam Justina ta karɓi littattafan kwas ɗina tun Yuli, ashe karantawa take yi da gaske. Yau ba kurakurai ta kawo ba, gyara ta kawo. Da muka fito ta ce, "Malam Rabe, na duba faifan kaf, ban ga asalin ɓangaren firinta ba." Na ce wataƙila mantuwa ce. Ta dube ni ta ce, "To." Wannan "to" ɗin har yanzu yana kunnena.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ɗantsoho ya ce wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram yana koyar da Hausa da Ƙugiya, har ya aiko da gyaran ƴ irin tasu ta Nijar. Ta ƙetare iyaka! Abin da aka haifa a ajin da rufinsa ke yoyo. Mun kai mu goma sha shida a jeri. Na faɗa wa Rabi sau biyu, ta ce ta ji tun na farko.

Talata, 10 ga Fabrairu, 1998

Babban aiki ya samu. Za a buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a Ɗanzomo farkon Afrilu, kuma an ba Madam Justina buga littafin koyon karatu. Da Ƙugiya! Matsala ɗaya, an kawo wa ofishinsu sabuwar firinta, firintar kuma ba ta san yarenmu ba, duk inda ƙ take sai ta zuba shirme. Na aika mata cewa kada ta damu, aikin kwana biyu ne a wurina.

Juma'a, 13 ga Fabrairu

Janareta ya yi wani irin ƙara da hantsi, wuta ta yi sama, sai ƙaurin roba. Kwamfutar makaranta ta ƙone, da duk abin da ke cikinta.

Alhamis, 19 ga Fabrairu

Na ɗauko faifan da na ɓoye a ƙasan akwatin kayana, wanda asalin ɓangaren firinta ke ciki. Na kai shi injin Ɗantsoho na ce ina son duba wani abu. Ya ƙi karantuwa. Sau bakwai na gwada. Zafi ne ko tsufa, Allah masani. Duk sauran Ƙugiya tana nan a hannun mutum goma sha shida, a garuruwa biyar. Abin da na riƙe ni kaɗai, shi ne kawai ya mutu.

Ban gaya wa Ɗantsoho ba. Na sayi kilishi na dawo gida, ban ci ba.

Laraba, 4 ga Maris

Saƙon Madam Justina na uku. Ban amsa ba.

Asabar, 7 ga Maris

Na faɗa musu. A ofishinta muka yi taron tunda namu injin babu. Na miƙe tsaye kamar ɗalibin da aka kama, na ce ba mantuwa ba ce, da gangan na riƙe shi, kuma ya salwanta, kuma littafin matan Ɗanzomo ba zai fito ba saboda ni.

Malam Saifuddeen ya gyara zama. Ya ce, "Irin da aka ɓoye a rumbu gara ke ci. Wanda aka ba ƙasa shi ke dawowa. To, an yi. Yanzu mene ne abin yi?"

Ɗantsoho bai dube ni ba. Ya ce shi abin da ya fi ƙona masa rai shi ne na zauna a shagonsa ina gumi ban ce masa komai ba. Madam Justina kuwa kalanda ta ɗauko ta ƙirga. "Kwana ashirin da huɗu. Malam Rabe, me kake iya tunawa a ciki?"

Lahadi, 15 ga Maris

Kullum in an tashi makaranta sai in hau motar Sule Tankarkar. Littafin bayanin sabuwar firintar da Faransanci ya zo, don haka Ɗantsoho ya rufe shagonsa kwana uku ya zo yana fassara mana shafi-shafi. Har yanzu a taƙaice yake amsa gaisuwata. Ni ina faɗin abin da na tuna, Madam Justina tana bugawa. Yau ba aiki, tana coci.

Laraba, 18 ga Maris

Mun yi gardama. Ta ce kada mu sake gina shi yadda na yi, a dunƙule. A ware wa kowace irin firinta ɗan shafinta, ta yadda gobe in wani ya sami sabuwa zai ƙara nasa ba sai ya nemi kowa ba. Na ce ba zai yi aiki ba. Ta ce, "A gwada, in ya ƙi sai mu koma naka."

Juma'a, 20 ga Maris

Ya yi aiki. Layi arba'in da biyu. Nawa ya haura ɗari uku.

Talata, 31 ga Maris

Littafi ya fito, shafi ashirin da takwas. Ɗantsoho ya ɗaga shafin farko ya ce, "Mushe, zo ka gani." Rabonsa da kirana mushe tun ranar taro.

Asabar, 18 ga Afrilu

Mun je Ɗanzomo, ni da Madam Justina da Malam. Mata wajen talatin a ƙarƙashin rumfar zana. Wata tsohuwa, Zinariya, mai sayar da daddawa, ta sa yatsa a kan kalma tana ja a hankali: "ɗa... ki. Ɗaki." Malamarsu ta tambaye ta yaya aka yi ta gane ba "daki" ba ne. Ta ce, "Ba ga shi ya sa hula ba?" Malam ya juya baya yana goge ido da rawani, wai ƙaiƙayi ne ya faɗa masa.

Ban taɓa jin girman kaina kamar yau ba, kuma ba wanda ya san sunana a rumfar nan.

Asabar, 2 ga Mayu

An kawo maganar wanda zai riƙe uwar faifai, wato wadda duk gyara ke komawa cikinta kafin a raba wa jama'a. Tun farko ni ke riƙe da ita. Malam ya ambaci Madam Justina. Aka ɗaga hannu, na ɗaga nawa. Ai dole, tunda makarantarmu ba ta da inji yanzu. Dalilin ke nan.

Ta kafa doka biyu nan take: ba abin da zai shiga uwar faifai sai mutum biyu sun duba, kuma kowane wata a ajiye kwafi a Maigatari da Gumel da Gagarawa. Na Gagarawa a akwatin littattafan Malam za a sa.

Laraba, 17 ga Yuni

An kawo mana wata kwamfutar tun makon jiya, ta hannu ce amma tana tafiya. Shugaban makaranta ya ce yanzu sai in karɓo abina daga Sule Tankarkar. Na ce masa sai an ga hali.

Ranar Litinin na aika wa Madam Justina gyaran da na yi na tsara layi a gefen takarda, na ba direban motar safe. Yau ya dawo min da faifan da 'yar takarda: "Malam Rabe, sannu da aiki. Ni da Ɗantsoho mun duba. Yana karya kalma a tsakiyar ts da sh. A gyara a sake turowa."

Ni za a dawo wa da aiki. Ni.

Na gwada, yana karyawa. Na gyara kafin la'asar, na duba sau uku, na kai tasha da kaina. Direba ya ce Juma'a zai zo min da amsa. Ban damu ba ko kaɗan. Na dai ce masa in ya iso ya biyo ta makaranta, kada ya bari sai yamma.