Ya Zaunar da Maƙwabciya a Kujerata Ranar Saka Kyamarar Ribas

Salamu alaikum ƙawayena, ya gida, ya yara? Labarin wasiƙarmu ta yau a bayan mota ya faru. Ni dai da dariya na fara karanta ta, kafin in kai ƙarshe gabana ya faɗi. Ga ta nan.

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya min a rai. Wata takwas ke nan da na fara tuƙi. Gaba lafiya lau nake tafiya, ribas ne matsalata. Sau biyu ina gogar ginshiƙin get ɗinmu, har fitilar baya ta fashe. Maigidana gyaran wutar mota ne sana'arsa, sai ya ce zai saka min kyamarar baya. Sati guda yana zaɓe, wannan ya ce ba ta ganin gefe, waccan ya ce ruwa zai shige ta, har ya samo mai faɗin ido. Na ji daɗi sosai, har hotonta na tura wa ƙawayena.

Ranar Asabar ya huda saman lambar motar, ya ja waya ta ƙarƙashin kafet har gaba, ya haɗa da wayar fitilar ribas. Ni ce mai miƙo filaya da ruwan sha, rana tana dukana. Da aka zo saiti, dole wani ya zauna a kujerar direba ya saka ribas ya taka birki, shi kuma ya tsuguna a baya yana gyara idon kyamarar. Na buɗe ƙofa zan shiga ke nan sai ga maƙwabciyarmu ta saman bene ta sauko, wata nas ce, da hannu ɗaya take fakin. Kawai ya kira ta ta zo ta zauna. Ni kuma ya dube ni yana dariya ya ce, "Ke kam ban yarda da ƙafarki ba, ina son raina."

A motata fa, Anti. Ta ja kujerata baya, ta juya madubina. Ina tsaye ina kallon sikirin kyamarar da ke gaban motar, ga mijina ya cika shi da haƙora, tana ce masa ɗaga kaɗan, sauke kaɗan, yana ta cewa to. Ban ce akwai wani abu tsakaninsu ba, matar ma tana da kirki, ita ta duba 'yata da ta yi zazzaɓi. Amma tun ranar in na saka ribas fuskar nan tasa nake gani, sai na rufe sikirin ɗin da hankici. Jiya saura ƙiris in taka keken 'yata, yarinyar kuma tana tsaye a gefensa. Ban faɗa masa ba. Ya zan yi?

Maman Biyu

'Yar'uwa, kafin komai ki je ki cire hankicin nan yanzu, sannan ki dawo mu yi magana. Fushinki da babanta ne, yarinya ba ta yi miki komai ba.

Kin yi gaskiya, bai kyauta ba. Wasan da za a yi a ɗaki ya yi miki a gaban wata, ko ni ce sai na ji zafi. Amma ki duba nasa ɓangaren. Mutum ne zai tsuguna a bayan taya, kuma ya ga abin da ya samu ginshiƙi. Sannan wanda ya ɓata sati yana zaɓe, ya wuni a rana, ke yake wa, ba nas ba.

Ki faɗa masa biyun duka, maganar da ta yi miki ciwo da zancen keken. Ki ce a sake saitin, ke a kujera. Na tambayi yayana direba, ya ce ba sai injin yana aiki ba: a murɗa maƙulli kawai, a ja birkin hannu, a sa dutse a bayan taya. Ku ajiye bokiti a bayan motar a taku ɗaya, biyu, uku, ki ga inda kowanne ya faɗa a layukan sikirin, don kyamara mai faɗin ido tana nuna abu kamar yana nesa alhali yana kusa. Kada kuma ki daina duba madubi, kuma ki san inda yara suke kafin ki motsa.

In ya tsuguna a bayanki ya tashi lafiya, zancen rashin yarda da ƙafarki ya ƙare. Allah ya tsare miki yaranki, ya sanyaya zuciyarki.

Ƙawayena, wacece maigidanta ya taɓa yi wa dariyar tuƙi a gaban mutane? Ku ba mu labarin yadda kuka ƙare.