Giyar Tambaya a Hawa na Biyar

Ain Khaled, Doha
Ranar Lahadi

Ƙawata Tracy,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, su Mama da kowa na gida suna lafiya. Yaya Kafanchan, yaya ruwa? Mu nan sai zafi. Da hannu na rubuto miki kamar yadda muka yi alkawari, zan ɗauki hotonta in turo. Ki karanta ke kaɗai, don laifi na yi.

Kin san Yaya Rose za ta auri Henry, mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, da ke zaune a ƙasan benenmu. Na taɓa gaya miki soyayyarsu ba gishiri. Ya zo gyara, ya same ta tana guge kayanta na asibiti, shi ke nan fa. Ba wanda ya hana, ba wanda ya rame. Na taɓa laɓewa bayan labule in ji hirarsu, minti arba'in suna gardama kan wace hanya ta fi saurin kai mutum garin Wakra. Kyautarsa ta farko, ragar tace ƙurar esi ce. A duk littattafan da kika ba ni ban ga inda aka yi haka ba. Sai na yi addu'a, Tracy. Na roƙi Allah ya kawo musu 'yar matsala ƙarama, wadda za ta sa Henry ya yi wani abu na jarumta.

Baba da Mama sun amince da auren, Fasto ya amince. Saura Kaka, mahaifin Baba, a ƙauye. Ranar Juma'a bayan sujada muka kira shi ta bidiyo. Har ya ɗaga hannu zai sa albarka. Ni da kika sani, ko izinin fita ba na iya tambayar malami, sai kawai na ji bakina yana tambayarsa yadda shi ya nemi auren marigayiya Iya.

Hannun nan ya sauka a hankali.

Ya ce a zamaninsu saurayi yakan kawo giyar tambaya, tulun burkutu guda. Dafuwar hannu, ba ta inji ba. Mai kauri har ba a ganin gindin ƙwarya, mai tsami, kuma mace ce ta dafa. Saurayin zai ɗauko a kansa har ƙofar surukai, gari na kallo, ba mai kama masa. Sai ya ce af, shi fa ya manta, Allah ya yi wa Jael albarka da ta tuna masa.

Baba ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Shi dattijon ikilisiya ne, Henry ɗan ƙungiyar mawaƙa ne, dukansu ba wanda ya taɓa sha, kuma a ƙasar nan wanda ya ɗora tukunyar burkutu ya ɗora wa kansa jirgin komawa gida. Kaka ya ce shi ya yi baftisma tun Baba bai san duniya ba, kuma tulu bai hana shi shiga ruwa ba. Babu giya, babu albarka.

Matsalar ita ce asibiti sun riga sun ba Yaya Rose hutunta na shekara a Disamba, a cikinsa za a je gida a ɗaura auren. In ya wuce, sai wani Disamban. Kwana biyu ke nan ba ta yi mini magana ba, kuma ɗakinmu ɗaya. Ba ta ma san zancen addu'ar ba.

Ki sa ni a taki addu'ar, amma ki lura da abin da kike roƙo.

Taki har kullum,
Jael

*

Ain Khaled, Doha
Ranar Asabar, bayan mako uku

Ƙawata Tracy,

Na gaishe ki da kyau, ina fata jikin Mamanku ya yi sauƙi. Na ga amsarki. Dariyar da kika cika shafi da ita ba ta taimake ni ba.

Henry ya bincika a wurin aiki, aka gaya masa akwai wata giya da ƙananan gidaje ke dafawa kaɗan-kaɗan a ƙasashen Turawa, wai kiraf suke ce mata. Kaka ya ce in dai hannu ne ya dafa, a kawo ya gani. To a nan ba a tsayawa shagon bakin titi a saya. Akwai wani babban kanti a bayan gari, sai wanda ba Musulmi ba, mai katin izini, katin kuma sai kamfaninka ya rubuta maka takarda. Henry ya je ofis neman takardar. Magatakardan ya cire tabarau ya dube shi, ya ce ashe shekara shida da yake damunsu da waƙoƙin coci a motar ma'aikata, ƙarshenta ke nan.

Yau muka je. Baba ne ya tuƙa, don motar Henry ta kamfani ce, da suna da lambar waya a jikinta. Ni aka tafi da ni ne saboda Kaka ba ya jin muryar kowa a waya sai tawa, wai siririya ce tana shiga kunnensa. Ba a barin mai shekaruna ya shiga, don haka ni da Baba muka zauna a mota. Ya ajiye ta can ƙarshen fili, ya sa takunkumi da baƙin gilashin Mama, ya zame cikin kujera har hularsa kawai ake gani.

Henry ya shiga shi kaɗai. Waya ɗaya a kunnena na dama shi ne, ɗaya a na hagu Kaka ne.

 Yana shiga Henry ya ce mini a hankali, wurin ya fi cocinmu girma, kuma layin kiraf ɗin kaɗai ya fi kala ɗari. Ya fara karanto mini. Akwai mai ɗanɗanon mangwaro. Akwai mai kofi, akwai mai cakulan, akwai wadda aka rubuta tana ƙamshin hayaƙi da gangan. Ina faɗa wa Kaka, yana tambaya ko shagon mai shayi aka tura yaron. Da muka zo kan mai kabewa, ya ce a bar wannan, miya ce. Wata da hoton mujiya sanye da tabarau, ya ce kada ta shigo gidan ɗansa.

Wani ma'aikacin kantin ya tausaya wa Henry, ya nuna masa masu kauri da tsami. Sai batun mace ya tsaya mana. Duk kwalbar da ya juya, hoton wani ƙato ne da gemu. Henry ya daina karanta suna, sai dai in ji ya ce gemu, ya ajiye, gemu, ya ajiye. Kaka ya ce namijin da ya tsaya kan tukunyar giya ba shi da gona ne.

Ana cikin haka Baba ya ɗago kai don ya sha iska. Wa zai gani yana turo keken kaya cike da baƙaƙen ledoji? Baba Elnathan, shugaban kwamitin horo na cocinmu. Suka haɗa ido. Baba Elnathan ya ɗaga kai yana duban sama kamar ana shirin ruwa, a Doha, a watan Agusta. Baba ma ya dubi saman. Ni na dubi ƙafata.

Bayan awa ɗaya da rabi Henry ya ce ya samu. Hoton wata tsohuwa ne a jikin kwalbar, ta naɗe hannun riga. Ya karanto mini rubutun baya. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa, jikanta ne ke dafawa yadda ta koya masa. Tracy, labari ya zo mini har bakin harshe, na gwauruwa mai dafa giya a kan dutse tana jiran wani da ya tafi teku. Da na faɗa, da Kaka ya yarda. Amma na tuna inda son labarina ya kai mu, na faɗi gaskiya.

 Kaka ya ce jikan da ya tsaya ya koya a hannun kakarsa yaron kirki ne, ba kamar wasu ba. A sayo.

Mama na kira, zan ƙarasa miki gobe.

Taki,
Jael

*

Ain Khaled, Doha
Ranar Asabar ta gaba

Ƙaunatacciya Tracy,

Barka da war haka, da fatan kowa lafiya. Ki yafe mini, goben tawa ta zama mako.

Kin tuna Kaka ya ce a ɗauko a ka, gari na kallo. Doka kuma ta ce a rufe kayan, a wuce gida kai tsaye, kada kowa ya gani. Mama ce ta raba gardamar, ta ce a naɗe kwalin giyar a tsohon zane, gari ya ga mai ɗauka, kada ya ga abin ɗauka. Ranar da muka je kantin, tun da safe aka aike ni ɗauko zanen. Hankalina na wani wuri, na zari na saman akwati na cusa a leda. Sai da muka iso ƙofar benenmu aka warware, ashe zanen zumuntar mata ne, mai ayoyi a jiki. Baba ya rufe ido. Babu lokacin canzawa, Kaka na kan layi.

Kaka kuma ya hana hawa lif, ya ce wannan ɗaukar mutum ake yi. Gidanmu hawa na biyar ne.

Henry ya ɗora kwalin a ka, ba ko gammo. Ina bayansa da waya ina nuna wa Kaka. Sai ga Malam Surajo mai gadinmu, mutumin Katsina, ya taso da gudu yana cewa ango da kaya shi kuma yana zaune, ai ba a yi haka ba. Henry ya kauce, Malam ya bi shi, kwalabe na ƙara. Har hawa na biyu suna wannan rawar, Malam yana cewa raini ne ko me. Dole Baba ya ja shi gefe ya raɗa masa. Malam Surajo ya janye hannuwansa ya ɓoye su a baya, ya nemi tsari. Na ɗauka zai koma. Sai ya wuce gaba yana buɗe ƙofofi yana cewa yalla, a ba ango hanya, su a garinsu gonar suruki ake nomewa, wannan ya samu sauƙi. Maƙwabta suka yi ta leƙowa. Kaka ya ce madalla, gari ya gani.

A hawa na huɗu ƙafar Henry ta fara rawa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, wuyansa ya sage, amma hannu biyu na kan kwalin. Ban taɓa lura yana da faɗin kafaɗa ba.

Yaya Rose na tsaye a ƙofa. Na ƙasa kunne in ji abin da za ta ce, don a littafi nan ne wurin. Ta goge masa fuska da gefen mayafinta, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Shi ke nan. Ban san dalili ba, sai ga ni ina hawaye har wayar na girgiza, Kaka yana tambaya ko girgizar ƙasa ake yi.

Aka zuba a kofin gilashi, Baba ya sa yatsa a bayan kofin, ba a gani ba. Kauri ya yi. Kaka ya ce a zuba wa magabata nasu a ƙasa. Mama ta ce ba dai a tayil ɗinta ba, aka zuba a tukunyar shuwakarta da ke baranda. Saura tsami, kuma sai an ɗanɗana. Baba ya dubi silin. Henry ya ɗauka ya kurɓa sau ɗaya. Fuskarsa ta tattare wuri guda, ido ɗaya ya rufe da kansa. Kaka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ya gani, ko ta Iya ba ta kai wannan ba. Ya ɗaga hannu, na danne bakina da tafi biyu har ya gama sa albarka. Khalas, magana ta ƙare, Disamba na nan.

Sauran kwalaben suna ƙasan wurin wanke-wanke, ba mai taɓawa. Mama ta wanke zanenta sau uku. Jiya a coci Baba da Baba Elnathan sun gaisa hannu biyu-biyu, sun daɗe suna tambayar juna iyali.

Na gaya wa Yaya Rose zancen addu'ar. Ta murɗe mini kunne sosai, ta ce daga yau in zan roƙa wa wani abu in fara nuna mata a rubuce. Daga baya na kama ta tana kallon bidiyon matakalar, sau huɗu, da murmushi.

Ran nan kafin Kaka ya kashe waya ya ce in lokacina ya yi, ni ma haka za a yi, ba ragi. Baba yana maganar mu koma unguwar Mu'aiza baɗi, yana neman gidan ƙasa saboda gwiwarsa. Ni dai na ce masa, cikin ladabi, na ji an ce hawa na goma ya fi iska.

Ki gaida kowa, ki ajiye mini littattafan nan biyu, Disamba zan karɓa da hannuna.

Taki mai ƙaunarki,
Jael Absalom