Ni Ba Gardi Ba Ne

Fatakwal, 9 ga Maris, 1958

Zuwa ga Baffa Manu,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna Dije. Yaya ƙafarta?

Baffa, raina a ɓace yake. Na ji Gimba mai albasa ya zo gida ya ce na zama gardi, ina wasa da macizai a kasuwa, har surukaina sun hana matata Mero tahowa. Wallahi ƙarya yake yi!

Baturen da nake wa aiki masani ne. Shekara ashirin ya yi a Amurka yana nazarin wani maciji mai kacau-kacau a wutsiya. A nan ni nake kamo masa macizai irin su kasa da kumurci, shi kuma ya auna su, ya tatsi dafinsu don a haɗa maganin sara. Ba kiɗa, ba rawa.

Lafiyata lau. Ɗan yatsana na hagu ne kawai ya daina lanƙwasuwa tun da wata kasa ta taɓa ni. Kada Inna ta ji.

Gimban nan, in ya kawo albasa Fatakwal, ko hannu ba ya ba ni a masallaci. Amma ranar da kumurci ya fito daga buhunan albasarsa, ya ɗare tebur yana ihu ba hula, sunan wa ya kira? Ya ba ku wannan labarin?

Don Allah ka je wurin surukaina, a sa Mero a jirgin ƙasa na ranar Asabar. Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Awwalu