Jinin da Saratu Take Jira

Daren Laraba, tsakiyar girbin masara

Barci ya ƙi zuwa. Matata Saratu tana kwance a asibiti a Malumfashi. Ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, likita ya ce sai an ƙara mata. Aka gwada nawa, bai dace ba.

Likitan ya yi ta maimaita wata kalmar Turanci, wai "reya". Na ja nas gefe na ce, "Sista, me yake nufi?" Ta ce, "Irin jinin matarka ne ba kasafai ake samunsa ba."

Ni a sanina, abin da ba kasafai ba abin murna ne, kamar saniya ta haifi tagwaye. Yau shi ne ya tsinka mini zuciya.

Na bi gonaki ina roƙo. Kawu Sale ya ce, "Ɗana, ana tsakar girbi zan ba da jini? Wa zai ɗaukar mini buhu?" Abokaina ma kowa sai ya ce bayan girbi, kamar Saratu za ta jira masara ta shiga rumbu.

Da magariba Yohanna mai gyaran babur na Gozaki ya bugo waya. Wai lokacin da ya yi haɗari an gaya masa nasa ma irin wannan ne. Ya ce, "Ka daina yawo, malam, gobe da sassafe ina tafe. Ka dai tanadi shayi mai kauri."

Ban gaya wa Saratu ba tukuna. Sai an gwada. Allah ya sa ya dace.