Asusun Mama

Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙafar taka, ta daina kumburin? Ni dai ga ni nan, gajiya ce kawai, bayana kamar an daka.

Ka san aikinmu, manhajar aika saƙon murya. To rumbun bayanai ya cika, Oga ya ce in rubuta abin da zai goge asusun da aka daɗe ba a buɗe ba. Ba da hannu muke rubuta umarnin ba. Akwai wani kayan aikin kwamfuta, laburare muke ce masa, da shi ake haɗa umarnin guntu-guntu: ka ɗauko jerin masu asusu, ka liƙa masa sharaɗi, ka ƙara wani a kai, sannan ka ce goge. Sharuɗɗana uku ne: an daɗe ba a shiga ba, ba a amsa gargaɗi ba, ba na ma'aikaci ba ne. Kafin a goge mukan gwada mu ga su wa zai kwashe. Yaya, lambar Mama na gani.

Muryarta na ciki, har faɗan da take min kan rashin cin abinci. Saƙonninta da ke wurina sun tafi da wayar da aka sace min. Ba ni da izinin buɗe na kowa, ko da na uwata ne. Amma in aka shiga sau ɗaya da layinta, asusun ya tsira. Don Allah ka bar nawar nan taka, ka duba jakar da muka dawo da ita daga asibiti bayan rasuwarta, ko layin nata na ciki.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Na ga amsarka. Ya gida, ya yara? Sannu da wahala. Tunda an rufe layin an ba wani, ba laifinka ba ne, ka daina ba ni haƙuri.

Ni ma na yi nawa ƙoƙarin. Na liƙa sharaɗi na huɗu: ban da lamba kaza. Layin rubutu ɗaya tak. Sai dai a wurinmu ba abin da ke wucewa sai abokin aiki ya duba ya sa hannu. Mai duba nawa, Dogo, ya jawo kujera ya tambaye ni lambar wace ce. Na faɗa masa. Ya daɗe yana murza goshi, sannan ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Amma alkawari muka yi wa mutane za mu goge, ba zan iya sa hannu ba."

Ban yi gardama ba, wallahi ƙarfin ma babu. Da hannuna na cire sharaɗin.

Jiya aka saki umarnin. Kafin shayina ya huce ya gama, ba kuskure ko ɗaya. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo. Oga ya tara mu ya yaba min, wai bai taɓa ganin aiki mai tsafta haka ba. Ya ce daga yanzu kowane wata za a riƙa yi, kuma ni zan riƙa dannawa.

Ka gaida Anti. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta